Katifu Takwas a Ƙofar Gidan Warsame

Tekun Alaska, 26 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Sagal,

Sallama irin ta mai jin sanyi, wadda sai haƙora sun gama kaɗawa take fitowa. Ina fata kina lafiya, Gwaggo ma tana lafiya, hawan jinin nan ya sauko ya bar ta ta sha shayinta da sukari ko da a ɓoye ne. Ni lafiya lau, sai dai ƙarnin kifi ya shige ni har na daina jin sa, abin tsoron ke nan. Yatsan da wuƙa ta taɓa ya warke. Kada ki gaya wa Gwaggo ya taɓa yankewa.

Wasiƙarki ta same ni ranar da jirginmu ya tsaya sauke kaya, bayan kwana goma sha tara a kan ruwa babu waya babu labarin kowa. Na karanta a tsaye, na nemi wuri na zauna na sake karantawa. Yaya, da gaske kike? Warsame zai mallaki gida? Warsame ƙanenki, taubashina, wanda har yau ba ya cin shinkafa sai an yanka masa ayaba gida bakwai cif? Na je wurin mai dafa mana abinci, wani ɗan Filifin mai suna Efren, na ce ya mare ni in gani ko barci nake. Ya mare ni kuwa, ko dalili bai tambaya ba.

Bari in maimaita abin da na gane, in na kauce ki gyara, kin san karatuna a allo ya tsaya. Shekara bakwai ke nan da kika sa sunansa a layin ofishin gidaje, layin waɗanda aka haifa da jinkirin fahimta. Yanzu layi ya zo kansa. Taimakon da ake bai wa mutum ya biya haya, shi za a juya masa ya sayi gida da shi. Filin na wata ƙungiya ne, ginin kuwa nasa, da sunansa a takarda. Ɗaki biyu da kicin, tafiyar minti goma daga gidan Gwaggo, kusa da wurin wankin da yake ninke tawul. Wata mata za ta riƙa leƙo shi kullum ta duba maganinsa da girkinsa. Haka ne? To ni da ake cewa hankalina cikakke ne, gadona a nan hawa uku ne, ina tsakiya, wani ƙato yana minshari a kaina, wani yana waƙar garinsu a ƙarƙashina.

Kin ce Gwaggo ba ta so, wai ɗanta ba zai kwana inda ba ta jin tarinsa ba. Ki bi ta a hankali. Shekara talatin da uku tana jin tarin nan.

Yanzu ki gyara zama, ga sanarwa. Tunda taubashina ya zama mai gida, ni da haya mun rabu. Da zarar an rufe kamun kifi a Afrilu ina tafe, kuma ba ni kaɗai ba. Mu takwas ne: ni, da Awl, da Deylo, da Sigad, da Hamar, da Goray, da Idin, da Bulo. Dukansu manya ne, ga ci, ga rashin kunya, in sun sauka wuri ba sa tashi. Hamar yana cizo in an taɓa masa abinci. Deylo tana da ciki, a ba ta kusa da taga. A gaya wa mai gida ya tanadi katifa takwas. Zama ne na har abada.

Ki gaishe da Gwaggo. Ki ja wa Warsame kunne sau ɗaya, ki ce daga ni ne.

Ƙanenki da babu kamarsa,
Samatar

Minnesota, 18 ga Fabrairu

Samatar,

Muna lafiya. Inna tana shan maganinta. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Ka san abin da ka yi? Ba ka sani ba, kana can kana fiɗar kifi kana dariya.

Wasiƙarka na karanta ta, na yi tsaki, na ajiye a kan firij. Ban ɓoye ta ba, don da ajami kake rubutu, kuma a gidan nan ni kaɗai ke karanta shi. Haka na zata. Shekara goma sha ɗaya Warsame ya yi a makarantar allo, malamai uku suka ce mana maimaitawa kawai yake, bai san baƙi ba.

Ranar Talata muka je duba gidan na ƙarshe kafin a sa hannu, ni da shi da Madam Torgerson ta ofishin gidaje. Ya sa farar rigarsa ta Idi. Tana gwada famfo, tana nuna masa inda ake kashe murhu, sai muka ji ƙaho a waje. Motar masallaci ce. Samari biyu suna sauke katifu a kan ƙanƙara, ɗaya bayan ɗaya, suna jingina su da bangon gidan. Na ƙirga. Takwas.

Madam ta ce, "Warsame, waɗannan na wane ne?"

Ya ce, "Na mutanena. Na roƙa a masallaci ranar Juma'a, aka ba ni."

"Mutum nawa za su zauna a gidan nan?"

"Mu tara."

Na ce, "Kai, wane irin tara? Kai kaɗai ne!" Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wasiƙarka. Ya buɗe, ya ɗora yatsa, ya fara karantawa. Baƙi bayan baƙi, a hankali, bai tsallake ko ɗaya ba. Ina tsaye ina kallon ƙanena yana karatu a gabana karo na farko a rayuwata, ban san ko in rungume shi ko in fizge takardar ba. Ya zo kan "zama ne na har abada", ya ɗago kai yana murmushi, ya fassara wa Madam da Turancinsa.

Na ce mata wasa ne, ɗan kawuna ne, haka yake tun yana yaro. Ta juya ta ce, "Warsame, wasa ne?" Ya ce, "A'a. An rubuta."

Ga dokar, tunda ba ka sani ba. Duk wanda zai zauna a gidan sai an sa sunansa tun farko. Baƙo ba ya wuce kwana goma sha huɗu. Wanda ya ɓoye mutum ya yi ƙarya a takarda, a janye taimakon, gida ya koma ga na bayansa a layi. Matar nan ba muguwa ba ce. Ta ce mini ta sha ganin dangi sun cika gidan irin su Warsame, har mai gidan ya koma kwana a ƙasa a kicin ɗinsa. Ta ɗauki hoton wasiƙar, an kai wa tafinta. Na ga fassarar. Babu dariya ko ɗaya a cikinta, sai sunayen mutum takwas da ranar zuwansu.

An dakatar da sa hannu. Za a zauna da mu ranar 8 ga Afrilu. In ba su gamsu ba, shekara bakwai ta tafi.

Inna ba ta sani ba, na ce mata takardu ne suka yi jinkiri.

Su wane ne mutanen nan? Laƙabin abokan aikinka ne? Kuma wace ce Deylo? Mace mai ciki, Samatar? Cikin wa?

Sagal

Tekun Alaska, 1 ga Maris

Zuwa ga Yaya Sagal, shugabar masu shiru,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata lafiya ce ta hana ki rubutu, ba girman kai ba, yanzu da kika zama yayar mai gida. Ni ina nan, igiyar ruwa ta jefo ni daga gado ranar Lahadi, na faɗo kan mai waƙar nan na ƙasa, ya yi shiru kwana biyu. Duk jirgin sun yi mini godiya.

Jirgin da ke kawo mana mai zai koma tudu yau, shi ya sa nake sauri. Bai kawo wasiƙar kowa ba, wai jakar tana ofis an manta.

Yaya batun katifu? Ki gaya wa mai gida mutanena sun ƙagu. Goray ya ce shi ba ya shiga banɗaki, tsakar gida ta ishe shi. Bulo ta tambaya ko akwai itatuwa a unguwar, tana son ganye. In maƙwabta sun yi magana a ce musu haƙuri za su yi, dangi ne.

Na saya wa Warsame hula mai kunnuwa, irin ta masunta. In ya sa ta ranar karɓar makulli, Turawa za su san babban mutum ya zo unguwa.

Naki,
Samatar

Tashar jirgi, Alaska, 13 ga Maris

Yaya Sagal,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, sauran ban sani ba.

Yau muka sauka tudu aka ba ni wasiƙarki ta watan jiya. Na karanta a bakin tasha. Efren ya ce fuskata ta koma kalar cikin kifi. Na ruga in kira ki, layinki yana ta ƙara ba a ɗauka, na san kina tuƙa motar 'yan makaranta, kuma awa uku kawai aka ba mu. Akwai wata wasiƙa da na aiko ranar ɗaya ga wata. Don Allah in ta iso ki ƙona ta. Kada ki sa ta a kan firij. Kada ki sa ta a ko'ina.

Yaya, babu mace. Babu ciki, wato akwai, amma ba irin wanda kike zato ba. Raƙuma ne.

Raƙuman kakanmu ne, mahaifin babana da Gwaggo. Su bakwai. Lokacin da muke sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, kullum bayan la'asar babana sai ya zauna a bakin tanti ya jero sunayensu kamar mai wuridi, ya faɗi halin kowanne. Hamar amale ne mai cizo. Deylo ita ce mai ciki. Na haddace su tun kafin in haddace Tabbat. Na ɗauka duk zuriyarmu an san su. Na ɗauka za ki karanta wa Gwaggo ta yi dariya ta ce ɗan Jibril ba zai shiryu ba. Ban san ba ta taɓa ambata muku su ba.

Akwai na biyu, ya fi na farko muni. Ni na koya wa Warsame karatu. Ina ɗan shekara takwas, shi saurayi, muna zama kusa da juna a makaranta. Sai in rubuta a bayan allona, "akwai alewa a ƙarƙashin tukunyar malam," in nuna masa baƙaƙen ɗaya ɗaya har ya haɗa, ya tashi ya je ya ɗaga tukunya, a kore shi. Wata rana in sa alewar da gaske, don kada ya daina. Shekara biyu muna haka. Ban gaya wa kowa ba, don in an sani ni za a zane. Ni na koya masa cewa abin da aka rubuta yana iya zama gaskiya, ya tashi ya je ya duba. Sai ga shi na manta.

Na je wurin kyaftin, na ce ya rubuta mini da Turanci cewa babu mai waɗannan sunaye a jirginsa, kuma ni ba ni da niyyar zama a gidan kowa. Ya tambaye ni sau uku ko da gaske raƙuma na ce. Ya rubuta, ya buga hatimi, ga ta nan a ciki. Amma na san nauyinta. Takardar wanda ya jawo abin ce, kowa zai ce kare kansa yake.

Mutum ɗaya ne a ƙasar nan ya taɓa ganin raƙuman nan da idonsa. Ki gaya wa Gwaggo. Ki karanta mata sunayen. Ita za su yarda da ita.

Ki ce wa Warsame... a'a, ban san me za ki ce masa ba.

Samatar

Minnesota, 24 ga Maris

Samatar,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Duka biyun sun iso rana ɗaya. Ta ɗaya ga wata na karanta ta a mota na yaga ta gida-gida. Raƙumi mai son ganye. Allah ya shirye ka.

Na kai takardar kyaftin ofis. Madam ta karɓa, ta ce za ta sa a fayil, amma masu zaman za su so shaidar da ta fi wannan. Ta ce in yi tunani: wace hukuma ce za ta rubuta a littafinta cewa mutum bakwai raƙuma ne, don wani a teku ya faɗa?

Na gaya wa Inna. Tana soya sambusa, na zauna a kujerar kicin na faɗa mata komai tun daga katifu. Ba ta juyo ba. Sai na fara karanto sunayen. Ina cewa Awl, cokali ya tsaya. Ina cewa Deylo, ta kashe wuta. Da na zo Goray ta ce, "Idin ce kafin Goray. Kullum ita ce a gabansa." Ta zauna a ƙasa, a kan tayil, Inna da gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da aka aiko kawu Jibril ya rasu.

Na ce, "Inna, ranar takwas ga wata za ki zo ki faɗa musu."

Can ta ce, "Ba za ni ba."

Na ce, "Inna, gidan zai tafi!"

Ta ce, "Ya tafi. Ni ban yi ƙarya ba, ban rubuta wa kowa wasiƙa ba. Na roƙi Allah ya bar mini ɗana a gabana, ya bar mini. In je in rushe da bakina?"

Na yi magana, na yi kuka, na ce ranar da babu ita fa, wa zai koya masa zama shi kaɗai a lokacin, yana cikin makoki? Ta tashi ta kunna wutarta. Kwana huɗu ke nan, in na ɗauko zancen sai ta ɗauki carbi.

Warsame kuma na zaunar da shi na ce mutanen nan raƙuma ne. Ya ce, "Raƙumi yana kwana a katifa?" Na ce a'a, kuma sun mutu tun ba a haife shi ba. Ya ce, "To me ya sa Samatar ya rubuta suna zuwa?" Na ce wasa kake. Ya ce, "Shi ma ba ya zuwa?" Na tashi na yanka masa ayaba. Ranar bai taɓa ayabarsa ba. Kullum in ya taso aiki sai ya bi ta gaban gidan, ya tsaya a bakin titi ya duba, ya wuce. Sunanka bai sake fitowa daga bakinsa ba.

Na gaji, Samatar. Ban ma da ƙarfin zagin ka.

Sagal

Tekun Alaska, 30 ga Maris

Zuwa ga Gwaggona,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa, ina durƙushe. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sassauta gwiwar nan. Ni ne Samatar ɗan ƙanenki Jibril, wanda ya sa miki ƙwaro a takalmi ranar Idi. Yau babu wasa a takardar nan daga farkonta har ƙarshe. Wasiƙar Yaya Sagal ta same ni jiya, na ji kin ce ba za ki je zaman ba. Wani da ya ji rauni za a ɗauka zuwa tudu, shi zan ba ya jefa ta a akwatin wasiƙu. Ban sani ba ko za ta iso kafin ranar zama.

Gwaggo, laifin nawa ne. Amma akwai abin da babana yake faɗa bayan ya gama jero sunayen, ban taɓa gaya wa kowa ba, don a nan ne muryarsa take canzawa.

Ya ce shekarar da ruwa ya ƙi zuwa, mutanen rugarku suka haɗa dabbobi za a kora su kudu inda ake jin akwai ciyawa. Aka zo wurin Kaka, aka ce ya bayar da nasa a tafi da su, in damina ta sauka a dawo masa da su. Kaka ya ce a'a. Ya ce shi ba ya iya barci in bai ji numfashinsu a bayan bukka ba. Babana ya ce akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ta riƙe ƙafar Kaka tana kuka, tana cewa ko Deylo kaɗai a bari ta bi su, saboda cikinta. Kaka ya ce wa zai kula da ita kamar shi? Na kudu suka dawo da rabin nasu. Naku bakwai suka mutu a bayan bukka, yana jin numfashinsu har na ƙarshe.

Babana bai taɓa faɗin sunan yarinyar ba. Amma 'ya mace ɗaya Kaka ya haifa.

Warsame ba raƙumi ba ne, ke ma ba Kaka ba ce, kuma minti goma ba kudu ba ne. Na san ban isa in faɗa miki wannan ba. In na zo ki mare ni, zan kawo kuncin da kaina. Amma mutumin da ya tashi a gaban jama'a ranar Juma'a ya nemo katifa takwas don kada baƙinsa su kwana a ƙasa, Gwaggo, wannan mai gida ne tun kafin a ba shi makulli.

Ɗanki,
Samatar

Minnesota, 19 ga Afrilu

Samatar,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu lafiya ƙalau. Zauna kafin ka karanta, kada ka faɗa ruwa.

Wasiƙarka ta iso ranar bakwai ga wata, ana gobe zama. Ina wurin aiki. Inna ta ga ambulan daga Alaska, ta juya shi ta juya, ba mai karanta mata. Sai ta kira Warsame. Da na dawo na same su a falo, yatsansa a kan takarda, yana kan layin ƙarshe. Ta ce kusan awa guda ya yi.

Da safe na shirya, Warsame ya sa farar rigarsa. Muna fita muka tarar da ita a cikin mota, a gaba, da babbar rigar sanyinta da jakarta a cinya. Ta ce, "Me kuke jira? Sai an yi mana rajistar latti?"

Mutum uku ne a teburin, da Madam Torgerson a gefe, da tafinta, wani yaro da aka haifa a nan, yana ta gyara wuyan riga. Shugaban zaman, wani dattijo mai gilashi, ya karanto sunayen ɗaya ɗaya da bakinsa na Bature, ya ce ko akwai wanda ya san mutanen nan. Inna ta miƙe. Na ce ta zauna saboda gwiwa, ta ture hannuna.

Ta ce, "Awl ja ce, nononta ya fi na kowa. Sigad ba ta son maza. Hamar ya cije ni a nan." Ta zame mayafi ta naɗe hannun riga, a gaban Turawa, Samatar! Tabon yana nan a damtsenta, shatar haƙora. Shekarata talatin da takwas ina zaton ƙuna ce.

Dattijon ya cire gilashi. Ya duba takarda ya ce, "Wadda aka ce tana da ciki fa, Deylo, ina take yanzu?"

Inna ta ce, "Ta mutu da cikinta. Ni na rufe mata ido." Tafinta ya sha ruwa, ya fassara. Ta ƙara da cewa, "Ubana ne ya hana ta tafiya. Ku rubuta wannan ma." Ta zauna.

Sai dattijon ya juya wurin Warsame, ya ce in wata rana mutum takwas na gaske suka zo da jakunkuna suka ce za su zauna, me zai yi? Ka san shi, bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Ya yi tunani. Ya ce, "Zan ba su shayi. Zan duba takarda. In babu sunansu, kwana goma sha huɗu." Dattijon ya ce, "In suka ƙi tafiya fa?" Ya ce, "In kira Madam. In kira Inna." Wata mata daga cikin masu zaman ta ce in ita ce, Inna za ta fara kira.

Jiya takarda ta zo. An ɗage dakatarwar. Ranar biyu ga Mayu zai sa hannu.

Inna ta ce in gaya maka marin yana nan, ba ta yafe ba. Ta ce ka zo da kuncin dama.

Yayarka,
Sagal

Minnesota, 11 ga Yuni

Samatar,

Assalamu alaikum. Ni ne Warsame. Ni na rubuta da hannuna. Ina lafiya. Ina shan magani da safe.

Ina gidana. Makulli biyu ne, ɗaya a wuyana. Na iya kashe murhu. Hular ta zo, tana da zafi yanzu.

Ba ka zo ba a Afrilu. Yaya ta ce ka kama wani aiki don kana jin kunya. Na yi fushi da kai kwana ashirin da shida. Na gama.

Katifa bakwai na mayar masallaci. Ɗaya tana ƙaramin ɗaki.

Inna ta zo ta kwana a kanta. Na sa kalanda a firij ina yin alama. Ranar goma sha huɗu na ce Inna gobe za ki tafi. Ta ce ni uwarka ce. Na ce babu sunanki a takarda. Ta yi kuka. Ta yi dariya. Ta tafi. Da safe ina kiran ta a waya in yi tari ta ji.

Yanzu katifar babu kowa. Ka zo. Kwana goma sha huɗu. Kada ka zo da raƙumi, filin ba nawa ba ne.

Akwai alewa a ƙarƙashin tukunya a kicin ɗina.

An rubuta. Ka zo ka duba.

Warsame, mai gida